Albashin ma'aikatan gine-gine da haƙar ma'adinai a Amurka

Ma'aikatan gine-gine da haƙar ma'adinai rukuni ne na sana'o'i da Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago ta Amurka, wadda ake kira BLS a taƙaice, take lissafawa wuri guda. Rukunin ya ƙunshi magina, kafintoci, masu aikin lantarki, masu aikin famfo, masu rufin gida, direbobin manyan injinan gini, leburori, da masu haƙar kwal, man fetur da iskar gas. Albashinsu ya bambanta ƙwarai daga jiha zuwa jiha, ko da aikin iri ɗaya ne.

Matsakaicin albashi

A watan Mayun 2023 matsakaicin albashin rukunin ya kai dala 55,680 a shekara, wato rabin ma'aikatan suna samun sama da haka, rabi kuma ƙasa da haka. Matsakaicin dukkan sana'o'in ƙasar a lokacin dala 48,060 ne. Masu girka lif da gyara shi ne suka fi kowa samu a rukunin, da fiye da dala 100,000, yayin da masu taimaka wa magina suke can ƙasa.

Bambanci tsakanin yankuna

Jihohin Hawaii, Illinois, Massachusetts, New Jersey, Washington da Alaska suna cikin waɗanda suka fi biya. Jihohin kudu irin su Mississippi da Arkansas suna cikin na ƙarshe. A fannin haƙar mai kuwa, albashi yana bin wurin da arzikin yake. Lokacin da aka fara haƙar man yankin Bakken gadan-gadan a Dakota ta Arewa, kamfanoni sun riƙa ƙara kuɗi domin jawo ma'aikata zuwa garuruwa irin su Williston, inda ake fama da tsananin sanyi da ƙarancin gidaje. Da farashin mai ya faɗi daga ƙarshen 2014, an sallami ma'aikata da yawa. Haka lamarin yake hawa da sauka a yankin Permian na Texas da New Mexico.

Dalilan bambancin

Babban dalili shi ne ƙarfin ƙungiyoyin ƙwadago. A birane irin su Chicago, New York da Boston, ƙungiyoyin suna ƙulla yarjejeniya da 'yan kwangila kan kuɗin awa, inshorar lafiya da fansho. Dokar Taft-Hartley ta 1947 ta ba jihohi damar hana tilasta wa ma'aikaci biyan kuɗin ƙungiya, kuma jihohin kudu da yawa sun yi hakan, abin da ya rage wa ƙungiyoyin ƙarfi a can.

Dalili na biyu shi ne Dokar Davis-Bacon ta 1931. Dokar ta wajabta wa ɗan kwangilar da ya karɓi aikin ginin gwamnatin tarayya na sama da dala 2,000 ya biya ma'aikata albashin da aka saba biya a yankin. Wasu jihohi suna da irin wannan doka don ayyukansu, wasu ba su da ita.

Tsadar rayuwa ma tana da tasiri. Hawaii tana shigo da mafi yawan abinci da kayan gini ta jirgin ruwa, kuma kuɗin haya yana da yawa. Don haka ratar da ke tsakanin kafinta a Honolulu da takwaransa a Mississippi tana raguwa sosai idan aka cire kuɗin haya da na cefane.