Ranar da "muka" ci Faransa

Ban taɓa ganin Papa Bouba Diop yana buga balo kai tsaye ba. A 2002 aka haife ni, shekarar da ya yi abin da ya sa duniya ta san sunansa. Amma ranar 29 ga Nuwamba 2020, da rediyo ta faɗi mutuwarsa, na ga Babana ya ajiye kofin shayi ya yi salati, ya ce: "Mun yi rashi." Kwana huɗu kafin nan Maradona ya mutu, Baba bai ce haka ba. Ni ɗalibin harshe ne, sai wannan "mun" ɗin ta tsaya mini a rai. Mu su wa? Mutumin nan ɗan Senegal ne, mu kuwa muna Maraɗi.

Ga tarihin. Ranar Juma'a 31 ga Mayu 2002 aka buɗe gasar cin kofin duniya a birnin Seul na Koriya ta Kudu. Faransa ce ke riƙe da kofin duniya na 1998 da na Turai na 2000. Senegal kuwa zuwanta na farko ke nan, kuma kusan duk ƴan wasanta a kulob-kulob na Faransa suke neman abinci. Kocinsu ma, Bruno Metsu, Bafaranshe ne. Zidane bai buga ba saboda rauni, amma ba wanda ya yi zaton hakan zai canza wani abu. A minti na 30 El Hadji Diouf ya tsere ta gefen hagu, ya aiko balo gaban raga, aka yi ƴar turereniya, Diop yana ƙasa ya tura ta ciki. Ya ruga kwana, ya tuɓe rigarsa mai lamba 19 ya shimfiɗa, abokansa suka kewaye ta suna rawa. Haka aka tashi, ɗaya da nema. Faransa ta koma gida ba ta ci ko ƙwallo ɗaya ba a gasar. Senegal ta kai zagayen ƴan takwas, inda Turkiyya ta fitar da ita.

A agogonmu da rana tsaka aka yi wasan. Baba ya ce sun taru gaban tele ɗaya a unguwa, kowa da alwalarsa, ido ɗaya kan balo, kunne ɗaya wajen ladan. Har yau idan zai ba da labarin ba ya cewa "Senegal ta ci". Cewa yake: "Ranar da muka ci Faransa." Na taɓa tsokanarsa na ce, Baba, ai Mena ba ta je ba, kofin Afirka ma sai 2012 ta fara zuwa. Ya dube ni ya ce: "Kai yaro ne. Wanda ya mulke su shi ya mulke mu."

Nan na gane. Mutanen da aka buga a lakkol don sun yi Hausa a aji, waɗanda takardunsu da kuɗinsu duk Faransanci ne a kai, sun samu minti casa'in da ƙaramin ya kada babban, duniya na kallo. Diop ya faɗaɗa musu wannan "mu" ɗin tun daga Dakar har Damagaram. Shi ya sa mutuwarsa, yana da shekara 42 kacal bayan doguwar jinya, ta zama ta gida.

Ranar 29 ga Nuwamba 2022, shekara biyu cif da rasuwarsa, Senegal ta doke Ekwador 2 da 1 a Katar. Kyaftin Kalidou Koulibaly ya rubuta 19 a ƙyallen damtsensa, kuma shi ya ci ƙwallon nasara. Kocin ranar, Aliou Cissé, shi ne kyaftin a 2002. Wannan karon tare muka kalla da Baba, kuma ni na fara yin ihun "mun ci".

Ƴan uwa ɗalibai, abin da ke damuna shi ne namu na gida. Akwai tsofaffin ƴan balo a Maraɗi, Tawa da Damagaram da suka cika filaye kafin a haife mu, labarinsu yana bakin dattawa kawai. Mu ɗauki salula mu je mu naɗi muryoyinsu tun suna da rai. Allah ya jiƙan Papa Bouba Diop, ya sa ya huta.