Funtuwa: Tsakanin Gonar Auduga da Layin Dogo

Ina son in ja hankalin 'yan'uwa tsofaffin ɗalibai zuwa ga tarihin garin Funtuwa, domin Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Da yawa daga cikinmu mun sha tsallake layin dogo a hanyarmu ta zuwa kasuwa, muna taka ƙarafan da ciyawa ta rufe, ba tare da mun tambayi kanmu abin da ya kawo su nan ba. Alhali kuwa waɗannan ƙarafa, tare da gonakin da ke kewaye da su, su ne mafarin garin.

Kafin zuwan Turawa, Funtuwa ba ta cikin manyan garuruwan wannan yanki. Maska ce ke da suna, ita ce mazaunin sarauta, kuma ta shahara wajen saƙa da rini. Shi ya sa har gobe hakimin da ke zaune a Funtuwa ake kiransa Sarkin Maska. Abin da ƙasar take taƙama da shi tun asali shi ne albarkar noma. Kudancin Katsina ya fi arewaci samun ruwan sama, ƙasarsa kuma mai nauyi ce mai riƙe danshi, har ake ce masa Katsinar Laka. Irin wannan ƙasa ita auduga take so, kuma manoman yankin sun daɗe suna shuka ta don masu kaɗi da masaƙan gida.

To, a can Ingila kuwa, masaƙun Lankasha suna neman inda za su riƙa samun auduga ban da Amurka. Saboda haka a 1902 aka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya a birnin Mancesta, watau BCGA, wadda bakin Bahaushe ya mayar Bisije. Hasali ma, kwaɗayin audugar Arewa yana cikin dalilan da suka sa aka shimfiɗa layin dogo daga Baro, wanda ya isa Kano a 1911. Amma sai manoman Kano suka ga gyaɗa ta fi kawo kuɗi, suka raja'a a kanta. Wannan ya sa Turawan auduga suka mai da hankali ga ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da gabashin Sakkwato. Suka kawo sabon iri daga Amurka mai dogon zare, aka buɗe gonar gwaji da yaɗa iri a Daudawa, aka kuma kafa injin gurzar auduga a Funtuwa.

Sai dai injin gurza ba ya wadatarwa in babu abin da zai kwashe diloli zuwa bakin teku. Don haka tsakanin 1927 da 1929 aka ja reshen layin dogo daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Gusau, ya tuƙe a Ƙaura Namoda. Daga nan al'amura suka sake. Da kaka ta yi, manomi ya ɗora audugarsa bisa jaki ya kai fuloti, malamin auduga ya duba ya ba ta daraja, a aza bisa sikeli, a biya shi, ya sami na haraji da na sutura. Daga fuloti sai gidan gurza, a raba ta da angurya, a ɗaure diloli, a loda a tarago sai Ikko. Kowane mataki a nan yana bukatar hannu: lebura, ɗan dako, akawu, direba, maƙeri, mai sayar da abinci. Haka mutane suka yi ta kwararowa, Katsinawa da Zazzagawa da Zamfarawa, ga kuma Yarabawa da Ibo ma'aikatan reluwe da kamfanoni. Unguwanni suka tashi, har ɗaya daga cikinsu ta ɗauki sunan Bisije. Garin da ke da kuɗin kaka kuma ba ya rasa makaɗa; Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa, ya yi shekaru masu yawa yana zaune a Funtuwa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu gwamnati ta karɓe cinikin auduga ta hannun hukumar sayen amfanin gona, wadda ke yanke farashi kafin a buɗe kasuwa. Manoma sun sha kukan cewa farashin bai kai wahalarsu ba, kuma suna da gaskiya. Duk da haka, tsarin yana tabbatar da iri mai kyau da mai saye a kowace shekara. Da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu kuma suka biyo baya, ita ma Funtuwa ta sami tata, sai audugarmu ta sami kasuwa a cikin gida.

Komawa bayan ta zo ne a hankali. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 ya kawar da idon gwamnati daga noma, aka zuba kwalta, gingimari da tirela suka ƙwace lodin da jirgi ke ɗauka, reluwe kuma ta rasa kulawa. A 1986, cikin shirin gyaran tattalin arziki na gwamnatin Janar Babangida, aka rushe hukumar auduga. Iri ya gauraye, farashi ya zama sai yadda ɗan baranda ya ga dama. Daga bisani rashin wutar lantarki da shigowar yadin waje mai araha suka durƙusar da yawancin masaƙun Kaduna da Kano. Manomi ya ga ba riba, ya koma masara da dawa da waken soya.

Abin mamaki shi ne garin bai daina girma ba. Funtuwa tana kan mararrabar hanyoyin Zariya da Gusau da Katsina da Birnin Gwari, ga kasuwannin hatsi irin na Dandume da Bakori a kusa. Da aka ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, ita ce ta zama gari na biyu a girma bayan babban birnin jihar. A shekarun baya-bayan nan kuma matsalar 'yan bindiga a ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Dandume ta koro iyalai da dama zuwa cikin gari. Duk wanda ya zo yana bukatar muhalli, sai gonakin bakin gari suka zama fegi. Magada su sayar, dillali ya yanka, galibi ba a bar filin makaranta ko magudanar ruwa ba. Gonar da aka zuba wa siminti kuwa ba ta sake fid da tsiro.

A nan ne tarihin ya shafe mu. A da, girman Funtuwa daga gona yake fitowa, jirgi ya kai amfanin kasuwar duniya. Yau garin yana cin gonar da ta haife shi. A 2024 an buɗe tashar kaya ta kan tudu a Funtuwa, abin farin ciki ne, amma irin wannan tasha ba ta cika amfaninta sai da jirgin da zai riƙa zirga-zirga da kuma amfanin gonar da za a loda masa.

A cikinmu akwai ma'aikatan filaye da tsara birane, akwai malaman gona, akwai lauyoyi da kansiloli. Ina roƙon ƙungiyarmu ta yi abu biyu. Na farko, mu nemi dattawan da suka yi aiki a reluwe da gidan gurza, mu ɗauki bayaninsu tun suna raye, mu ajiye a ɗakin karatun makarantarmu. Na biyu, kowa a inda yake aiki ya tsaya a kan a keɓe ƙasar noma mai kyau daga yankan fegi, a kuma kare filin layin dogo daga gine-gine. Tushiya mafarin dawa. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.