Daga Haddar Nahawu Zuwa Aiki: Tarihin Koyar da Polanci ga Baƙi

Gabatarwa

Polanci harshe ne da suna ɗaya ke sauya siga har bakwai, gwargwadon aikinsa a jimla. Saboda haka malamai suka daɗe suna ganin babu hanyar koyar da shi sai hadda. Wannan maƙala za ta duba yadda ra'ayin ya sauya.

Zamanin Hadda

A shekarar 1952 aka fara koyar da baƙi Polanci a birnin Lodz. Ɗalibai daga Asiya da Afirka sukan yi shekara guda a can kafin su wuce jami'o'in ƙasar Polan. Abin da aka fi ba ƙarfi shi ne jadawalin nahawu da maimaita jimloli. Ɗalibi yakan ci jarrabawa, amma da ya isa kasuwa sai baki ya mutu.

Sabuwar Hanya

Daga Indiya sauyin ya taso. A 1979, N. S. Prabhu ya fara wani gwaji a makarantun Bangalo, inda yara ke koyon Turanci ta hanyar yin wani aiki, kamar karanta taswira ko nemo lokacin tashin jirgin ƙasa. Hujjarsa ita ce, in hankali ya tafi ga warware matsala, nahawu zai shiga da kansa. A 2001 Majalisar Turai ta fitar da ma'aunin harsuna mai matakai shida, wanda ya ɗauki mai koyo a matsayin mutum mai buƙatun da zai biya da harshe. Polan ta fara jarrabawar shaidar iya Polanci bisa wannan ma'auni a 2004, shekarar da ta shiga Tarayyar Turai. A 2011 kuma Iwona Janowska ta Jami'ar Jagiello da ke Krakow ta wallafa littafi a kan amfani da hanyar wajen koyar da Polanci.

Kammalawa

Buƙatar masu koyo ce ta ja ragamar wannan tarihi. 'Yan gudun hijirar Yukren da suka kwararo Polan a 2022 ba su da shekara guda ta zama a aji. Neman haya da ganin likita ne a gabansu. Nahawu bai mutu ba, sai dai yanzu aiki ake sa wa gaba, shi kuma ya biyo baya. Masu koyar da baƙi Hausa ma suna da abin dubawa a nan.