Hasken leza a akwatin kwamfuta: abin da ya kamata a sani kafin a yi ado da shi

Duk wanda ke kallon bidiyon masu haɗa kwamfuta a YouTube ko TikTok ya saba ganin akwati mai gefen gilashi, cikinsa na walƙiya da ja da kore da shuɗi. Wasu ba su tsaya ga ƙananan fitilu ba, har leza suke sakawa don a ga zaren haske ya ratsa cikin akwatin. Abin na da kyan gani, ba musu. Amma leza ba fitila ba ce kamar sauran fitilu, kuma kuskure ɗaya da ita na iya taɓa idon mutum har abada. Shi ya sa muka tattaro muku abin da ya kamata a sani.

Mene ne bambancin leza da fitilar LED?

Fitilar LED tana watsa haskenta ko'ina, yana raguwa da nisa. Ita kuwa leza tana tara haskenta a zare guda siriri mai launi ɗaya, wanda ke tafiya nesa bai bazu sosai ba. Wani masani Ba'amurke, Theodore Maiman, shi ya fara kunna leza a shekarar 1960 a jihar Kaliforniya. Yau ana samunta a na'urar karanta faifan DVD, da injin buga takarda, da ɗan tocin nan da yara ke wasa da shi.

A lura fa, ba duk abin da aka rubuta wa sunan leza a kwali ne leza ba. Da yawa daga kayan adon akwati LED ne kawai masu tsinin haske. Gane su ba wuya: a haska bango daga nesa. In hasken ya buɗe ya yi faɗi, LED ce. In ɗigo ne ƙarami mai ƙyalli kamar an barbaɗa yashi, to leza ce ta gaske.

Ajin leza da abin da yake nufi

Ana auna ƙarfin leza da miliwat, kuma ƙa'idar duniya mai lamba IEC 60825 ta kasa ta aji-aji. Aji na 1 ba ya cutarwa in an yi amfani da shi yadda aka tsara. Aji na 2 bai wuce miliwat 1 ba. Ƙiftawar ido, wadda ke ɗaukar kamar rubu'in daƙiƙa, tana isa ta kare mutum, sai fa in ya ƙura wa hasken ido da gangan. Aji na 3R ya kai miliwat 5. Aji na 3B ya kai miliwat 500, kuma yana iya ƙona cikin ido kafin a ƙifta. Aji na 4 shi ne abin da ya haura haka, yana ƙona fata, yana tada gobara. A Faransa, tun 2011 doka ta hana saye ko riƙe lezar da ta wuce aji na 2 ba tare da aikin da aka amince da shi ba.

Dalilin haɗarin shi ne, ido da kansa yana tara haske. Zaren da ya shiga ƙwayar ido yana taruwa a ɗigo ɗaya can a bangon bayan ido, inda gani yake, ƙarfinsa ya ninku har sau dubu 100. Wurin kuma ba ya jin zafi, don haka mutum na iya ƙonewa bai sani ba, sai daga baya ya ga wani baƙin ɗigo a tsakiyar duk abin da ya kalla.

Tarkuna biyu da aka fi faɗawa

Na farko shi ne koriyar leza mai araha. Yawancinta ana samar da koren ne daga wani haske da ido ba ya gani, wanda ake kira infirared. Kamfanin kirki yana saka matata da ke tare shi, amma masu neman rage kuɗi sukan bar ta. A 2013, cibiyar awo ta gwamnatin Amurka, NIST, ta gwada tocin leza 122, ta iske kusan kashi 90 cikin 100 na koraye sun saɓa ƙa'ida. Ke nan abin da aka rubuta a jikin toci ba abin dogaro ba ne koyaushe.

Na biyu ya fi shafar masu gyara a nan gida, waɗanda ba sa yar da komai. Lezar da ke cikin tsohuwar na'urar rubuta faifan DVD tana iya wuce miliwat 100. Muddin tana rufe cikin gidanta, aji na 1 ce. Da an ciro ta aka ba ta wuta, ta koma 3B. Kada a yi ado da ita, ko kyauta aka samu.

Kuma kada a ɗauka gilashin gefen akwati kariya ne. Haske yana ratsa shi, wani ɓangare kuma yana dawowa. Ƙarafunan sanyaya na'ura masu sheƙi su ma madubai ne. Akwatin kuma galibi kan tebur yake, daidai tsayin idon ƙaramin yaro.

Zafi da ƙura

Zaren leza ba ya ganuwa a iska mai tsabta; sai ya bugi ƙura ko hayaƙi ake ganinsa. Yawancin hotunan da ke burge mutane da hayaƙi aka ɗauke su. To mu nan, da hunturu ƙura ba ta yi mana ƙaranci, amma ita ce babbar abokiyar gābar kwamfuta: tana toshe fanka, tana sa na'ura ta yi zafi. Akwatin da zaren leza ke fitowa sarai a cikinsa, shara yake nema. Ita kanta lezar ba ta son zafi, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Maradi, Damagaram da Tawa ke wuce digiri 40, rayuwarta tana gajarta.

In har sai an saka

Shawararmu ita ce a tsaya ga LED, don tana ba da kusan duk adon da ake so. Sai dai a kula da mahaɗi: akwai mai ƙafa 4 na bolt 12, akwai mai ƙafa 3 na bolt 5. Wanda ya cusa fitilar bolt 5 a gurbin bolt 12, nan take za ta ƙone, wani lokaci har ta taɓa uwar allon kwamfutar.

Wanda kuma ya nace sai leza, ga ƙa'idoji. Kada ta wuce aji na 2, kuma ja ta fi koriya mai araha aminci. A sayi wadda ta zo da ɗan allon daidaita wutarta, don ba a haɗa ƙwayar leza kai tsaye da wayar kuran. A ɗaure ta da kusa, ba da salatif ba, tunda zafi na sakin salatif. Zaren ya ƙare a kan baƙin wuri marar sheƙi a cikin akwatin, kada ya fuskanci gilashi ko ramukan iska. A yi mata makunni nata daban. Kafin a taɓa komai a cire wayar kuran daga bango, kuma kada a buɗe akwatin wutar kwamfuta, domin yana riƙe caji ko bayan an kashe shi. Masu ɗaukar bidiyo su ma su sani, leza na lalata idon kamarar salula.

In hasken ya bugi idon wani, sannan ya ga ɗigo ko hazo da bai gushe ba, kada a tsaya ɗiga magani a gida ko jiran gobe. A kai shi wurin likitan ido a ranar, a tafi da lezar ko kwalinta don likita ya ga irinta.