Masu Karanta Ƙwaƙwalwar Manhajar da Ta Mutu

A tsakiyar shekarun 1960, mai rubuta manhaja a banki ko kamfanin inshora a Amurka ba kasafai yake taɓa kwamfuta da hannunsa ba. Yakan huda umarninsa a jikin katuna, ya miƙa wa ma'aikatan ɗakin inji, ya koma ya jira. In ya yi sa'a, bayan 'yan sa'o'i ko washegari ya karɓi sakamako. In kuwa manhajar ta faɗi ana tsakiyar aiki, tulin takarda za a miƙo masa, babu komai a ciki sai lambobi reras daga sama har ƙasa. Injin ne ya juye duk abin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa a daidai lokacin da aiki ya tsaya, ya buga shi a takarda. Wannan shi ne juyen ƙwaƙwalwa, kuma iya karanta shi ne ke raba gwani da ɗan koyo a wancan zamani.

Aikin ba na rago ba ne. A injunan System/360 da kamfanin IBM ya fitar a 1964, kowane layi na juyen yana ɗauke da bayit 32, a rubuce da lissafin tushe 16, wanda ke haɗa lambobi 0 zuwa 9 da haruffa A zuwa F. Ƙwaƙwalwa mai kilobayit 256 ke nan za ta ci layi 8,192, shafi fiye da ɗari. Mai bincike yakan fara da lambar da babbar manhajar injin ta rubuta a saman takarda. In ya ga S0C7, ya san an nemi injin ya yi lissafi da abin da ba lamba ba. In ya ga S0C4, manhajar ta kai hannu wurin da ba nata ba. Daga nan sai ya nemo adireshin umarnin da ya tsaya, ya ɗebe adireshin da aka ɗora manhajar a kai, abin da ya rage ya bi shi cikin wata takardar daban da ke jera umarnin da ya rubuta, har ya iso kan layin da ya kashe aikin. Kayan aikinsa fensir ne da rula da wani ɗan kati kore na IBM mai ɗauke da lambobin umarnin injin, wanda kusan kowane ma'aikaci ke yawo da shi a aljihun riga.

Sunan da Turawa ke kiran wannan juye da shi, har gobe, yana da kalmar core a ciki, kuma kalmar ta wani ƙarfe ce da aka daina ƙerawa tuntuni. A ƙarshen shekarun 1940 An Wang a Jami'ar Harvard da Jay Forrester a cibiyar MIT, kowa ta hanyarsa, suka gano cewa ɗan ƙaramin zobe mai ɗaukar maganaɗisu, wanda ake kira core, zai iya riƙe sifiri ko ɗaya, gwargwadon ɓangaren da maganaɗisun ya fuskanta. A 1953 aka saka irin wannan ƙwaƙwalwa a kwamfutar Whirlwind ta MIT. Zobe ɗaya bit ɗaya ne, saboda haka ana bukatar dubban ɗaruruwa, kuma da hannu ake zura musu siraran wayoyi kamar mai shirya jigida, aikin da mata ne suka fi yin sa a masana'antu, da allura da gilashin ƙara girma. Harkar ta yi kuɗi sosai: a 1964 IBM ta biya MIT dala miliyan 13 a kan haƙƙin ƙirƙirar Forrester. Zobban suna da wata baiwa da ƙwaƙwalwar yau ba ta da ita, wato ko an ɗauke wuta abin da ke cikinsu yana nan. A 1970 Intel ta fitar da ɗan guntun silikon mai lamba 1103, mai riƙe bit 1,024, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 ya kori zobba daga kasuwa. Sunan dai bai bi su ba.

Tun da wuri wasu suka ga cewa aikin fensir da rula ya fi dacewa da inji. Masana a MIT sun rubuta wa kwamfutar TX-0 wata manhajar farautar kuskure mai suna FLIT, sannan a 1961 Alan Kotok ya rubuta DDT don injin PDP-1. Duka biyun sunayen magungunan ƙwari ne, domin ƙwaro masu sana'ar ke kiran kuskuren manhaja. Amma waɗannan suna zaune ne cikin ƙwaƙwalwa ɗaya da manhajar da suke bincike, suna duba ta tana raye.

Canjin da ya haifi al'adar yau ya zo ne daga Bell Labs a jihar New Jersey. Littafin jagora na farko na babbar manhajar Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar a Nuwamba 1971, ya riga ya bayyana cewa idan manhaja ta yi wasu nau'o'in kuskure, babbar manhaja za ta rubuta hoton ƙwaƙwalwarta cikin fayil mai suna core. Littafin ya kuma kawo wata 'yar manhaja mai suna db, wadda fayiloli take buɗewa: fayil ɗin core a hannu ɗaya, fayil ɗin manhajar a ɗaya hannun, ta haɗa su. A injin PDP-11 da suke amfani da shi, rabon manhaja bai wuce kilobayit 8 ba, don haka fayil ɗin ɗan mitsitsi ne. Dabarar ce babba. Tunda juyen ya zama fayil, ana iya ajiye shi, a kwafe shi, a aika wa wani a wani gari ya duba bayan mako guda. Stephen Bourne ya rubuta adb wadda ta fito a bugu na bakwai na Unix a 1979. Mark Linton a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya rubuta dbx a farkon shekarun 1980, wadda ke magana da sunayen da mai rubutu ya raɗa maimakon lambobi zalla. A 1986 Richard Stallman ya fitar da GDB kyauta ga kowa, kuma ita ce har yau mafi yawan masu aiki da Linux ke kira idan manhaja ta faɗi.

To me ke faruwa idan injiniya ya ba GDB sunan manhaja da sunan fayil ɗin core?

Kafin a kai nan, zuciyar Linux, wato sashen babbar manhajar da ke kula da injin, ta riga ta yi nata aikin. Manhaja ta nemi karanta adireshin da ba a ba ta ba, furosesa ya ƙi, sai aka aika mata sigina mai lamba 11. Ko kuwa ita da kanta ta ga al'amura sun rikice ta nemi a kashe ta, sigina mai lamba 6 ke nan. Kafin a share ta daga ƙwaƙwalwa, sai a tsayar da duk zarurrukan aikinta, a rubuta fayil. Tsarin fayil ɗin shi ne ELF, wanda ya zo da bugun System V na huɗu na Unix a ƙarshen shekarun 1980, Linux kuma ta rungume shi a tsakiyar shekarun 1990. GDB takan fara duba bayit huɗu na farko: lamba 7F, sai haruffan E da L da F. Gaba kaɗan akwai gurbin da ke faɗin irin fayil ɗin. Lamba 2 ko 3 na nufin manhaja ko laburaren da ake iya ɗorawa, lamba 4 kuwa juyen ƙwaƙwalwa ce. Gurbi na gaba ya faɗi irin furosesan, ko na Intel ne ko na ARM, domin kowanne da tsarin rajistocinsa.

Bayan haka sai tebur mai jera sassan fayil ɗin, kuma sassan iri biyu ne. Na farko bayanan gefe ne da zuciyar Linux ta rubuta game da mamaciyar: sunanta, umarnin da aka tashe ta da shi, siginar da ta kashe ta, jerin fayilolin da ta ɗora da adireshin kowanne, sannan ga kowane zaren aiki, abin da ke cikin rajistocin furosesa a daƙiƙar ƙarshe. Rajista biyu sun fi sauran daraja a wajen mai bincike. Ɗaya tana riƙe da adireshin umarnin da ake kai, ɗayar tana nuna saman tarin da manhaja ke ajiye bayanan kiraye-kirayenta. Iri na biyu su ne gutsattsarin ƙwaƙwalwar kanta, kowanne da bayanin cewa abin da ke wuri kaza a cikin fayil, a adireshi kaza yake lokacin da manhajar ke raye. Duk sa'ad da injiniya ya tambayi abin da ke wani adireshi, GDB wannan tebur take bi ta ɗebo amsa daga fayil.

Sai dai fayil ɗin core shi kaɗai bebe ne. Don rage girma, Linux ba ta cika kwafe umarnin manhajar a ciki ba, tunda suna nan a faifai ba su canza ba. Babu kuma sunan aiki ko na ma'aji ko ɗaya a ciki, sai adireshi. Sunayen ayyuka da na ma'ajiyoyi da lambobin layuka suna cikin wasu bayanai masu tsarin DWARF, waɗanda ake samarwa lokacin harhaɗa manhajar idan mai ita ya nema. Da su GDB ke yin abin da mutumin 1965 ke yi da fensir: ta ɗauki adireshin da aka tsaya, ta ɗebe inda aka ɗora manhajar, ta nemo sunan aiki da lambar layi. Sannan ta bi tarin kiraye-kiraye da baya, mataki-mataki, tana gano wane aiki ne ya kira wane, har ta kai tushe. Haruffa biyu kacal, bt, injiniya zai rubuta ya ga wannan silsila.

A nan ne sakaci ke kashe bincike. Idan manhajar da aka ba GDB ba ita ce ainihin wadda ta faɗi ba, ko da layi ɗaya aka sauya aka sake harhaɗawa, adireshi sun goce, kuma sunayen da za a gani na ƙarya ne, ko a ga alamun tambaya kawai. Shi ya sa a 2007 Roland McGrath na kamfanin Red Hat ya kawo lambar shaida da ake bugawa a jikin kowace manhaja yayin harhaɗa ta, kuma Linux kan kwafe shafin farko na kowane fayil ɗin ELF cikin juyen, inda lambar take. Daga 2019 aka samu debuginfod, hanyar da mai bincike ke aika wannan lamba ta intanet a turo masa bayanan sunaye da suka dace. Kamfanin da ke fitar da manhaja ya watsar da bayanan sunayenta, ya toshe wa kansa hanyar sanin abin da ya same ta a hannun jama'a, kuma wannan ganganci ne da ba shi da uzuri yanzu da wurin ajiya ya yi araha.

Ko komai ya dace, juyen yana da iyaka. Ba a iya tayar da manhajar ta ci gaba, ba a iya matsa ta gaba taki ɗaya. Inda ta faɗi yake nunawa, alhali ɓarnar na iya faruwa minti goma kafin nan a wani sashe daban. Ragowar aikin na kan ɗan Adam ne.

Akwai kuma haɗari. Duk abin da manhaja ke riƙe da shi yana shiga juyen, har da kalmomin sirri da makullan ɓoye bayanai. Don haka Linux ba ta yarda manhajoji masu ikon musamman su bar juye haka kawai, tsare-tsare da yawa ma sukan zo da iyakar girman fayil ɗin a sifiri sai mai injin ya buɗe da kansa. A Satumba 2023 Microsoft ta ce mai yiwuwa ta cikin irin wannan juye ne wani makullinta ya fita har masu kutse suka shiga akwatunan imel na jami'an gwamnatin Amurka, daga baya a 2024 ta amince ba ta samo juyen da ke ɗauke da makullin ba. Amfanin kuwa ya fito fili ranar 19 ga Yuli 2024, lokacin da wata sabuntawa ta kamfanin CrowdStrike ta durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda. Juyen da injunan suka bari ne ya nuna cewa direban csagent.sys ya karanta adireshin da ba shi da izini. Wayar Android da ke aljihun mai karatu ita ma tana rubuta ɗan taƙaitaccen irinsa duk lokacin da wata manhaja ta rufe kanta ba zato.

Juye mafi nisa da aka taɓa karantawa ya fito ne daga kumbon Voyager 1, wanda hukumar NASA ta harba a Satumba 1977. A Nuwamba 2023, yana nesa da duniya da fiye da kilomita biliyan 24, ya fara turo saƙonni marasa ma'ana. Umarni kan ɗauki kusan sa'a 22 da rabi kafin ya isa gare shi, amsa ma haka. A farkon Maris 2024 injiniyoyi suka aika masa wani umarni na zungura, sai ya turo wani saƙo dabam da babu wanda ya gane da farko. Wani injiniya na cibiyar eriyoyin da ke sauraron kumbon ya warware shi, ya gano cewa dukan ƙwaƙwalwar ɗaya daga cikin kwamfutocin kumbon uku ce aka juye. Babu GDB da za ta buɗe wannan. Suka zauna suka gwada shi da wani juyen da aka ɗauka kafin matsalar, suka ga kusan kashi 3 cikin ɗari na ƙwaƙwalwar ya lalace, kuma guntu ɗaya ne ya mutu. Tunda babu wani gurbi guda da zai ɗauki umarnin da ke kansa, sai suka yayyanka su, suka rarraba a wurare daban-daban, suka gyara duk adireshin da ke nuni gare su. Ranar 18 ga Afrilu suka aika kashin farko, ranar 20 kumbon ya turo bayanan lafiyarsa a tsare, kuma a watan Yuni na'urorin bincikensa huɗu duka suka dawo aiki.