Hatimin Injiniya a Kan Zane: Nazarin Ruftawar Gadojin Otal ɗin Hyatt Regency

Da yammacin 17 ga Yuli, 1981, ana tsaka da rawa a babban zauren otal ɗin Hyatt Regency da ke Kansas City a jihar Missouri ta Amurka, sai gadoji biyu na ratsawa da aka rataye a sama suka rufto wa jama'a. Mutum 114 suka mutu, fiye da 200 suka jikkata. Shekara guda ke nan da buɗe otal ɗin.

Hukumar ma'auni ta gwamnatin tarayya ta binciki lamarin, ta gano cewa asalin ɓarnar a takarda yake. A zanen farko na kamfanin injiniya Jack Gillum, kowane rodin ƙarfe zai sauko daga rufi ne a miƙe, ya ratsa gadar hawa na huɗu, ya kai ga ta hawa na biyu, kowace gada tana zaune a kan notinta. Sai dai yin hakan na bukatar a yanka wa rodin zare mai tsawon gaske, wanda zai iya lalacewa wajen ɗagawa. Kamfanin Havens Steel, mai ƙera ƙarafan, ya ga wahalar, ya raba rodin gida biyu: ɗaya ya riƙe gadar sama, ɗayan ya rataye ta ƙasa a jikin ta saman.

A ido, gyara ne ɗan ƙarami. A lissafi kuwa, nauyin da ke kan notin hawa na huɗu ya ninka, tamkar ɗan dako da aka ɗora wa buhun abokinsa a kan nasa. Abin takaicin ma, ko zanen farkon kusan kashi 60 cikin ɗari kawai zai iya ɗauka na nauyin da dokar gine-ginen birnin ta gindaya. Bayan gyaran sai ya koma kusan kashi 30. A daren, bim ɗin da ke riƙe da gadar hawa na huɗu ya tsage ta wajen walda, notin ya zurma ciki.

To, laifin wa? Maƙeran suka ce injiniyoyi sun amince da gyaran ta waya. Injiniyoyin suka ce lissafin mahaɗa aikin maƙeri ne, kamar yadda aka saba a harkar. Amma zanen ƙirar ya je ofishin injiniyoyin a 1979, ya fito da hatimin dubawa, ba tare da wani ya zauna ya yi lissafin mahaɗar ba.

Alƙalin da ya saurari ƙarar da aka shigar kan injiniyoyin bai karɓi hanzarin al'adar sana'a ba. Ya ce injiniya na iya ba wani aikin zane, amma alhakin ingancin ginin yana wuyan wanda ya buga hatimi. An samu Gillum da injiniya Daniel Duncan na kamfaninsa da mummunan sakaci, kuma a 1986 hukumar ba da lasisi ta jihar Missouri ta ƙwace lasisinsu.