Ƙabilanci: Asalin Kalmar da Aikinta a Ƙasar Birnin Gwari

Masu nazari kan kawo kalmar wariyar launin fata duk inda aka fifita wani saboda asalinsa. A ganina ba ta dace da mu ba. Kafofin watsa labarai ne suka yaɗa ta don bayyana mulkin Afirka ta Kudu na 1948 zuwa 1994. A Birnin Gwari kuwa, Bahaushe da Bagware da Bakamuke da Bafulatani ba launi ne ya raba su ba. Kalmar da ta kama abin ita ce ƙabilanci.

Tushenta Larabci ne, ƙabila, jama'ar da suka haɗa kaka ɗaya, kuma jam'inta ya zo a Suratul Hujurat inda aka danganta bambancin al'ummu da sanin juna. Hausa ce ta liƙa mata ɗafin -anci. Wannan ɗafi aiki biyu yake yi: yana nuna harshe, kamar Turanci da Katsinanci, yana kuma nuna ɗabi'a, kamar iskanci. A wasu kalmomin ma'anonin biyu kan cakuɗe. Gwaranci harshen Gwari ne, mutanen da ke kiran kansu Gbagyi, amma a bakin Bahaushe ya koma sunan duk wata gurɓatacciyar Hausa. Ga masarautar da ke ɗauke da sunan Gwari, ga sunan ya zama abin zolaya a kasuwanninta. Ƙabilancinmu ta harshe da sana'a yake auna mutum.

Wani zai ce ai wasan dangi ne. Dajin Kamuku na ƙasar Birnin Gwari, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ya nuna iyakar wannan uzuri. Da 'yan bindiga suka mamaye shi, sai zama Bafulatani kaɗai ya isa a zargi makiyayin da shi ma an sace masa shanu, 'yan bindiga kuma suka riƙa ƙona ƙauyukan manoma suna cewa ramuwa ce. Sulhun da Gwamna Uba Sani ya jagoranta a Nuwamban 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari da rikicin ya sa aka rufe.

Doka ma ta raba ƙafa. Tsarin mulkin 1999 ya haramta wariya a sashe na 42, sannan a sashe na 14 ya wajabta raba muƙamai bisa asali, tsarin da aka gada daga na 1979. Shi ya sa matashin da aka haifa a Birnin Gwari, in kakansa daga Katsina ya zo, yakan sha tambayoyi kafin ya samu takardar shaidar ƙaramar hukuma.